Bishiyar da Surukina Ya Auna da Tsohuwar Ɗamara

Akwai wata safiya a rayuwata wadda ko na so in manta da ita ba za ta sake ni ba. Shekaru sun ja, gashina ya yi fari, gwiwoyin da nake hawa dabino da su sun daɗe da yin murabus, amma har yau in na ji reshe ya yi ƙara sai gabana ya faɗi. Safiyar da surukina ya hau bishiya zai harbi barewa ke nan, ni kuwa da na san bishiyar ba za ta ɗauke shi ba, ni ne na riƙe masa tsani.

A farkon shekarun saba'in ne. Na zo aikin Hajji daga wani ƙauye a ƙasar Kano, Allah Ya sa abincina a Madina yake, na samu takardar zama da aiki a wata gonar dabino a unguwar Awali. Aikina hawa ne. In ɗaura igiya a ƙugu in haye, in sare busassun rassa, in sa wa macen dabino furen namiji, in lokaci ya yi in sauko da nonon dabino. Ba ni da ilimin kirki, ba ni da dangi a garin, amma ice kam na san shi. Ina taka bishiya, tafin ƙafata yake gaya mini ko amintacciya ce ko maciya amana. Wannan ba yabon kai ba ne, shi kaɗai ne abin da na iya, kuma shi ne ya sa laifina ya yi nauyi.

Surukina, wanda nake kira Baba, mutumin ƙasar Gobir ne. Da ƙafa ya zo tun yana saurayi, ya ratso Chadi da Sudan, ya shekara nan ya shekara can, har ya iso ya zauna ya zama ɗan ƙasa. A gida maharbi ne ɗan maharbi. To amma Madina harami ce, ba a farauta a cikinta, ko tsuntsu ba a so ka firgita. Sai ya rataye sana'ar gado ya kama tsire, wanda Larabawan garin suke kira sire suna layi a kansa. Shekara talatin da ɗoriya yana bakin tukuba, ɗanɗana wannan, ɗanɗana wancan, har Allah Ya yi masa jiki, ya zama ƙaton mutum mai tumbi. Sai dai ƙafafunsa garau suke. Kullum da su yake takawa zuwa Masallacin Annabi, ya yi asuba a can, ya koma magariba ya zauna har isha. Yakan ce don wannan tafiyar ya baro gida, in ba ita ba me ya rage masa.

Mutumin nan ya ba ni 'yarsa a lokacin da ba ni da komai sai igiyar hawa da riga biyu. 'Yan'uwansa sun so ya ba ɗan ƙasa, ya ce shi ya ga tarbiyya. Wannan kalma ta tarbiyya ita na ɗauka na ɗora a kaina kamar gammo. Samarin da aka haifa a Madina sai ka ga suna cin shinkafa faranti ɗaya da surukansu, suna hira suna tafa hannu. Ni kuwa na ce zan nuna musu yadda ake yi a gida. In na hango Baba sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, in yana ɗaki ni ina tsakar gida. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. Mutane suna yaba ni, ni kuma, gaskiya, yabon yana yi mini daɗi.

Abu ɗaya ne yake cin Baba a rai, wato labaran farautarsa. In ya zauna a bakin tukuba ya fara ba da labarin yadda suke ɗaura gado a kan bishiya kusa da mashaya, su kwana biyu suna dakon nama, samarin unguwa sai su riƙa ƙyafta wa juna ido. Su ba su taɓa ganin daji ba, abin da suka sani shi ne wani tsoho mai tumbi da ke barbaɗa yaji. Wani ma yakan ce, “Ya ammi, kai a kan shajara, a kan bishiya? Wallah sai dai shajarar ta hau ka.” A yi dariya, shi ma ya yi, amma ni da nake gefe ina ganin yadda hannunsa yake tsayawa a kan wuƙa.

Ana nan sai mai gonar da nake wa aiki ya yi ƙorafi a gabana. Yana da wata 'yar gona can kudu, bayan dutsen Air wanda shi ne iyakar harami, da nisa sosai, inda ya haƙa rijiya ya shuka barsim, ciyawar da ake ba dabbobi. Ya ce bareyi suna saukowa daga duwatsu da sassafe suna cinye masa, su sha ruwa a kwalbatin rijiya su tafi. A wancan zamani ba a tsaurara maganar farauta kamar yanzu ba. Bakina bai yi shiru ba, na gaya wa matata, ita kuma ta kai wa mahaifinta. Kafin kwana uku Baba ya aika wa mai gona cewa shi zai raba shi da ɓarayin ciyawa. Mai gona ya ji daɗi, ya ba da bindigarsa ta harbin tsuntsu, ya ba da mota da direba.

Direban wani dattijo ne Bahaushen Sudan, sa'an Baba kuma abokin wasansa, mutum mai baki kamar reza. Mu uku muka tashi bayan azahar. Matata ta biyo mu har bakin ƙofa, ta ja ni gefe ta ce, “Shuf, duba, abuya ya tsufa, shi ne bai sani ba. Kai ka san bishiya, intabih, ka kula da shi.” Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Na faɗa da ƙarfin gwiwa ma, kamar wanda zai iya buɗe baki a gaban mahaifinta.

Mun isa da la'asar sakaliya. Wurin ba wani wuri ba ne: kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu, rijiya da injin ruwa, ɗaki ɗaya na injin da ajiye kaya, sai koren barsim da ya yi kamar an shimfiɗa darduma. Baba yana sauka daga mota na ga ya zama wani mutum daban. Ya duƙa yana bin sawu, ya ɗauki kashin barewa ya murje a yatsa ya ce na jiya ne, guda huɗu ne, ɗaya namiji. Ya ɗebi ƙasa ya sake ta a iska ya ga inda ta nufa. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na ranar ba.

Sai aka zo zaɓen bishiya. Bindigar ba ta cin nisa, dole gadon dako ya kasance kusa da ruwa, kamar taku ashirin, kuma iska ta riƙa kaɗowa daga wajen bareyi zuwa wajen maharbi. Bishiyoyin wurin ba su da yawa. Akwai 'yan itatuwan ƙaya gajeru, Baba ya ce waɗannan barewa ma ta fi su tsayi in ta miƙe wuya. Akwai wata tsohuwar magarya ƙatuwa, mutum biyu ba sa iya rungume ta, ni ita raina ya kwanta da ita. Baba ya zaga ta ya girgiza kai. Ya ce ta yi nisa da ruwa, kuma tana can inda iska za ta kai wa nama warinmu. Ya ƙara da cewa bishiyar da ta cika kauri ma wahala ce, igiya ba ta kama ta da kyau, rassanta sun yi sama da yawa, kana harbi daga can sai ka ga bayan dabba kawai. A wannan duk gaskiyarsa ce.

Saura jerin atal guda biyar da aka dasa kusa da rijiya don tare iska. Atal wani ice ne mai ganye siriri kamar zare, mai ɗanɗanon gishiri, ana yawan dasa shi a bakin gonakin Madina. Saurin girma gare shi, ga shi da kyan gani, amma ni da nake sassabe shi kullum na san halinsa. Reshensa ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, ɓallewa yake yi farat ɗaya. Ba marke ba ne, ba tsamiya ba ce, ba irin itatuwan da Baba ya taso yana hawa ba ne.

Baba ya tsaya gaban wadda ta fi kusa da ruwa, ya juyo yana koya mana. Ya ce, “Ku ji abin da ubana ya hwaɗa mini. Iccen dako, in ya yi siriri, numfashinka ma kaɗa shi yakai, nama ya gani ya tsere. In ya yi kauri, ka ji abin da nac ce. Ma'auni guda na: kaurin icce ya kai kaurin ƙugun mai hawa nai. In ya kai, ya ɗauke ka kai da gadonka.” Daga nan ya sa hannu a jakarsa ya zaro wata tsohuwar ɗamara ta fata, ta yi baƙi ta yi sheƙi, da ƙulli a kusa da bakinta. Ya ce ranar da ubansa ya fara barinsa ya hau dako shi kaɗai aka auna ƙugunsa da ita aka yi wannan ƙulli. Ya zagaya da ita a jikin bishiyar, bakinta ya zo daidai kan ƙullin cif. Ya yi murmushi ya ce, “Kun gani? Kamar don ni aka dasa ta.”

Na dubi ɗamarar nan, na saci kallon cikin Baba. Ƙa'idar ubansa daidai take, ban da abin cewa a kanta. Amma ƙugun da aka auna na yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai, wanda ke yini a daji da ɗan fura a gora. Ƙugun da ke tsaye a gabana ko an haɗa ɗamarar biyu da wuya ta zagaye shi. Lissafin bai fi ƙarfin kowa ba. Sai dai kafin in faɗe shi dole in ce wa surukina ya yi ƙiba, a gabansa, a gaban abokin wasansa. Sai na kau da kai.

Ni aka sa in ɗaura gadon. Na hau da igiya da sandunan reshen dabino da muka taho da su. A tsayin mutum biyu da ɗan kai bishiyar ta rabu biyu, a nan na gicciya sanduna na ɗaure. Ina zama a kai don in gwada, reshen hagu ya yi wata 'yar ƙara ƙasa-ƙasa, irin wadda ba kunne ne ke fara jin ta ba, cinya ce. Ni a lokacin ban kai rabin Baba a nauyi ba. Na ƙara igiya, na ɗaure reshen hagu da na dama, na sake zagayawa har igiyar ta ƙare. Ina yi ina gaya wa kaina cewa wannan zai riƙe, alhali na san ɗinki ne a kan ruɓaɓɓen zane.

Da na sauko sai na bi hanyar da muka sani a gida, wato in ba ka iya gaya wa babba magana, ka aika wanda zai iya. Na ja direba bayan ɗakin injin na ce masa, “Don Allah ka lallaɓa ka gaya wa Baba mu koma magarya. Bishiyar nan ba za ta ɗauke shi ba. Amma ka bi a hankali, kada ka ce ni na faɗa.” Ya ce, “Tayyib, bar ni da shi.” Na manta cewa mutumin nan bai san wani abu wai shi a hankali ba. Yana fitowa ya ɗaga murya ya ce, “Ya zol! Kai da wannan karsha taka, wannan uban tumbi, za ka hau tsinken sakace? Wallahi ma yasir, ba zai yiwu ba. Ka zauna a mota in kunna maka rediyo, yaro ya harbo mana.”

Fuskar Baba ta canza. Irin maganar samarin bakin tukuba ce ta biyo shi har daji. Bai tanka wa direba ba, sai ya juyo wajena, abin da bai saba yi ba, ya dube ni sosai. Ya ce, “Malam, kai ka hau. Kai ka san iccen ƙasar ga, ni baƙo ni gare shi. Tana ɗaukata ko ba ta ɗaukata?”

Ina durƙushe, idona a kan yatsun ƙafata. Na ji amsar a bakina, kalma biyu ce ko uku. Amma na tuna mutumin da ya ce ya ga tarbiyya, na tuna yadda fuskarsa ta yi haske da yana bin sawu, na ga direba yana jiran in ba shi gaskiya ya fashe da dariya. Har karin magana na nemo na lulluɓe tsorona da ita, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce, “Baba ai ku kuka fi ni sani.”

Ya ci gaba da kallona kamar yana jiran ƙari. Da ya ga babu, sai ya ce, “To, shi ke nan,” ya naɗe ɗamararsa ya mayar jaka.

Washegari muna idar da sallar asuba muka ɗauko tsanin ɗakin injin. Na jingina shi na riƙe, Baba ya hau yana nishi, mataki ɗaya ya huta, mataki ɗaya ya huta. Da ya zauna a gadon, bishiyar duka ta sunkuya kaɗan ta tsaya a haka. Na miƙa masa bindiga, na janye tsani, ni da direba muka koma bayan ɗakin muka laɓe. Daga inda nake ina ganinsa. Bai motsa ba ko kaɗan. Mutumin da ba ya iya zaman minti biyar bai gyara tumbi ba, ya zauna fiye da sa'a guda kamar an sassaƙa shi. A raina ina ta addu'a kada bareyin su zo, rana ta yi zafi mu sauko da shi mu tafi gida.

Suka zo. Guda huɗu, kamar yadda ya faɗa, namijin a baya. Suna tafe suna tsayawa, kunnuwa a miƙe, har suka iso bakin ruwa. Ba ɗaya da ta ɗaga kai ta dubi bishiyar. Na ga bakin bindiga yana saukowa a hankali, a hankali. Sai ƙara. Kuma ƙara biyu na ji a haɗe, ta bindiga da ta ice. Bindigar ta tura shi baya, nauyinsa ya koma kan reshen hagu, reshen ya ɓalle daga gindinsa, igiyoyina duka suka bi shi. Baba ya faɗo ta gefe a kan dakalin simintin da ruwa ke bi.

Ban san yadda na isa wajensa ba. Yana kwance, ƙafarsa ta hagu ta juya waje yadda ƙafa ba ta juyawa, gumi ya rufe masa fuska. Na kama kafaɗarsa, karon farko ke nan da na taɓa jikinsa tun da na auri 'yarsa, ina cewa, “Baba! Baba, sannu!” Sai ya ture hannuna ya nuna bakin ruwa. Namijin barewar yana can yana shure-shure. Ya ce, “Bar ni! Wuƙa! Tai ka yanka shi kar ya yi mushe!” Na ƙi sakin kafaɗarsa. Ya daka mini tsawa, “Malam, ka ji mi nac ce!” Na ruga na yi bismilla na yanka, hawaye na zuba a kan hannuna. Da na dawo ya tambaye ni inda harsashi ya shiga. Na ce bayan kafaɗa. Ya lumshe ido ya ce wa direba, “To ka gani, ɗan banza.” Direba yana kuka ya ce, “Na gani, wallahi na gani.”

Mun shimfiɗa shi a bayan mota a kan barsim. Hanyar duk duwatsu ce, kowane rami sai ya cije leɓe, ni kuma ina riƙe da kansa a cinyata. Bai yi raki ba. Abin da kawai yake tambaya shi ne ko mun wuce dutsen Air, ko mun shiga harami, don shi tsoronsa kada rai ya yi halinsa a wajen Madina. Da na ce masa mun shiga sai ya saki jiki ya yi hamdala. A asibiti suka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma a shekarunsa da nauyinsa kada mu sa rai da yawa. Ya yi wata biyu a kwance a can. Ya fito da ransa, amma bai sake taka ƙasa da ƙafarsa shi kaɗai ba.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Samarin bakin tukuba suka zo su ma, sun ci naman barewar, yanzu sai su zauna shiru su ce ya ba su labarin daji. Matata ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba, kuma rashin tambayar ya fi mini ciwo. Ni kuwa na samo keken guragu, kowace Juma'a in tura shi daga gida har Masallaci. Mutumin da yake zuwa sau biyu a rana da ƙafarsa ya koma sau ɗaya a mako, sai in wani ya samu sarari. Muna tafe ba mai cewa uffan, ni a baya shi a gaba, kunyar nan tamu tana nan daram.

Wata Juma'a, kusan shekara da faruwar abin, mun fito an rage cunkoso, na tsaya da shi a inuwar wani bango don ya sha ruwa. Bai juyo ba, yana kallon masu wucewa, ya ce, “Malam, ranar nan ka san ba ta ɗaukata.”

Ba tambaya ba ce. Na ce, “Na sani, Baba.”

Ya ce, “Mi ya hana ka hwaɗi?”

Na ce, “Kunya.”

Can ya ce, “Kana tsammani ni makaho na? Tun da na naɗa ɗamarar ga ga icce na dubi cikina, na gane. Amma na riga na buɗe baki, ga wancan shaƙiyyi yana dariya, ga surukina yana kallo. Ƙaƙa zan ce na hwasa? Shi ya sa na tambaye ka. Cewa na yi, in yaron ga ya ce a'a, sai in ce to, mai hawa ya hana, mu koma magarya, kowa ya tsira da mutunci nai. Hanyar sauka na nema gare ka, Malam. Sai ka maido mini da maganata.”

Na rasa inda zan sa kaina. Na durƙusa a gefen keken a kan titi, mutane na ratsa mu, na ce ya yafe mini. Ya ɗora hannu a kaina ya ce ya yafe tun a mota, kuma rabin laifin nasa ne, don shi ma kunyata ce ta zaunar da shi a kan gadon. Sannan ya ce in tashi, rana tana dukansa. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, ya rasu a Madina kamar yadda ya roƙa. A shekarun nan huɗu ni nake masa wanka, ni nake juya shi, har faranti ɗaya muka koma ci. Mun yi hira da shi fiye da yadda na taɓa yi da mahaifina, sai dai tsadar da muka saye ta da ita ta yi yawa.

Har yanzu ban ce kunya aba ce marar kyau ba. Ina son in ga yaro ya rusuna wa babba, kuma raina yana ɓaci in na ga an rasa hakan. Amma na daɗe ina juya abin a raina, na gane cewa a ranar nan ba Baba nake karewa ba, sunana nake karewa, don a ci gaba da cewa ga suruki mai tarbiyya. Da girmansa nake ji da gaske, da na yarda ya ji haushina na yini ɗaya ya koma gida da ƙafarsa. Abin da na koya shi ne, in babba ya dube ka ya tambaye ka abin da kai ka fi shi sani, ba ladabinka yake gwadawa ba, taimako yake nema. Ka sunkuyar da kai in kana so, ka rage murya, ka zaɓi kalma mai laushi, amma ka faɗa masa. Yanzu ni ne tsohon, ina da surukai uku, kuma duk wanda ya zo gaishe ni karon farko sai na gaya masa: in ka ga zan taka inda ba zai ɗauke ni ba, ka ce mini a'a, ko a gaban wa muke.